Ciwon daji ba ya bin layi

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai da sauran 'yan uwa, sannunku da zuwa. Maganata yau a kan jiran da mai ciwon daji yake yi ne a asibitin gwamnati kafin a fara masa magani.

In aka ce layi ya yi tsawo, sai mu hango marasa lafiya zaune a benci guda. To, layukan da yawa suke, kana fita wannan ka faɗa wancan. Mace ta ji ƙullutu a nono ta je asibiti, likitan farko ya ba ta takarda zuwa wajen ƙwararre, ta jira. Ƙwararre ya ce a yi hoto, ta jira. Aka ce a yanki ɗan nama a kai ɗakin gwaji, ta jira ranar yankan, ta kuma jira sakamako, don likitan da ke duba naman nan shekaru ya yi yana koyon wannan aiki kaɗai, kuma irinsa sun yi kaɗan ko a ƙasashe masu arziki. Sakamako ya fito, sai likitoci su zauna su ga ko tiyata za a yi, ko ruwan kemo mai kashe ƙwayoyin ciwon, ko gashi da na'ura, wato ƙona ciwon da haske mai ƙarfi, kowanne da nasa layin. Ka tambayi kowane sashe, zai ce maka ai mako biyu kacal ta yi a hannunmu. Kuma bai yi ƙarya ba. Amma mako biyu sau shida, kusan wata uku ke nan.

Ciwon kuwa yana ta ci. A 2020 mujallar likitanci ta BMJ ta buga wani nazari da ya tattara bincike 34 a kan marasa lafiya fiye da miliyan ɗaya. Abin da aka gano shi ne duk jinkirin mako huɗu yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 6 zuwa 13 cikin ɗari, gwargwadon irin ciwon da irin maganin. Ku lura, ƙari ne a kan haɗarin da mutum yake ciki, ba wai mutum 13 cikin 100 za su mutu ba. Amma yana taruwa. A tiyatar nono, jinkirin mako 12 yana ƙara haɗarin da kashi 26.

Kada wani ya ɗauka matsalar talakawan ƙasashe ce kawai. Ingila ta ɗaura wa kanta ƙa'ida cewa kashi 85 cikin ɗari na waɗanda aka tura da gaggawa su fara magani cikin kwana 62. Tun ƙarshen 2015 ta daina cika wannan alkawari, shekara da shekaru.

Batun na'urar gashi kuwa, kusan rabin masu ciwon daji suna bukatarta, amma ƙasashen Afirka fiye da 20 ba su da ko ɗaya. Shi ya sa hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta buɗe shiri na musamman a 2022. Sai dai sayen na'ura shi ne mai sauƙin. Marar lafiya ɗaya yakan zo kwana biyar a mako, makonni a jere, saboda haka in na'urar ta tsaya, duk waɗanda ke tsakiyar magani sun tsaya, na bayansu kuma sun ƙara nisa. Manya suna son yanke ƙyalle a gaban sabuwar na'ura, ana tafi. Albashin injiniyan da zai gyara ta da masanin da ke auna ƙarfin haskenta, ba mai yi musu tafi.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne wannan tambaya: daga yaushe ake fara ƙirga kwanakin? A 2012 Brazil ta yi dokar cewa a fara magani cikin kwana 60, amma ƙirgen yana farawa ne daga ranar da aka tabbatar da ciwon. Ke nan duk wahalar da matar nan ta sha kafin sakamako ba ta shiga lissafi ba. Sai a 2019 suka ƙara wata doka ta kwana 30 don gwaje-gwajen. Ni a ganina, daga ranar da likita ya fara zargi ya kamata a kunna agogo.

Denmark ta bi wannan hanya daga 2007. Da zarar likita ya yi zargi, sai a sa mutum kan tsari guda: an riga an ware gurbin hoto da na gwaji, akwai kuma ma'aikaci da aikinsa shi ne bin takardun daga sashe zuwa sashe. Jira ya ragu. Amma sai aka ga masu alamun da ba su nuna wata gaɓa ba, kamar rama da kasala, ba su da ƙofar shiga, dole daga baya aka buɗe musu tasu hanyar.