Jami'in da ya ƙi aiwatar da hukuncin kotu, me doka ta tanadar masa?

Assalamu alaikum jama'a. A ce shekara huɗu kana shari'ar fili a Rigasa, kullum kana hanyar Babbar Kotun Jihar Kaduna, har alƙali ya ba ka gaskiya. Ma'aikatan kotu suka nemi rakiyar 'yan sanda don a damƙa maka filinka, sai aka shiga yau da gobe: babu mota, oga bai sa hannu ba. Wata shida takarda na hannunka, abokin shari'arka kuma yana ta ɗora bulo.

Wannan abu yana ci mini rai, domin ba alfarma kake roƙo ba. Sashe na 287 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa kowace hukuma da kowane mutum aiwatar da hukuncin kotu a ko'ina cikin Najeriya. Dokar aiwatar da hukunce-hukuncen kotu ta 1945 kuma ta ɗora wa 'yan sanda taimaka wa ma'aikatan kotu a wannan aiki.

Idan umarnin kotu ya hau kan jami'i ya yi kunnen uwar shegu, laifinsa raina kotu ne. Lauyanka zai sa a kai masa Fom 48, gargaɗin cewa gidan yari na jiransa. In bai ji ba, sai Fom 49, ya zo ya faɗi dalilin da zai hana a tsare shi. A kula, dole takardun nan su isa gare shi yadda doka ta tsara, don kuskure kaɗan a nan yakan rusa ƙarar gaba ɗaya.

Kaki ba ya kare mutum. A Nuwamban 2022, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke wa Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Usman Alkali Baba, ɗaurin wata uku kan ƙin bin hukuncin 2011 na mayar da wani ɗan sanda bakin aiki. Daga baya kotun ta janye umarnin, amma sai da shugaban 'yan sandan ƙasa ya koma gabanta yana bayani.

In kuwa diyya za ka nema kan asarar da sakacin jami'i ya jawo maka, kada ka yi sanya. Dokar kare jami'an gwamnati wata uku kacal ta bayar a shigar da ƙara, sai fa idan cutarwar tana ci gaba. Ka riƙa ajiye kwafin duk takardar da ka kai ofishinsu, da hatimi da kwanan watan da aka karɓa.