Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa maganin dajin ƙoda ke daina aiki?

Masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta farko yau ta fito ne daga wata baiwar Allah a Zariya. Ta ce mahaifinta na fama da dajin ƙoda, likita ya ɗora shi a kan wani magani mai suna sunitinib, ƙarin ya ragu, har Baba ya koma zuwa masallaci da ƙafarsa. Bayan wata goma aka sake hoto, sai ga ƙarin ya ƙara girma. Tana tambaya, ko jabu aka sayar musu?

Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Jabun magani akwai shi, ki kai wa likita kwalin ya duba. Amma abin da kika faɗa halin ciwon ne da aka sani. Ko a babban gwajin da aka yi wa maganin, wanda Amurka ta amince da shi a 2006, rabin majinyatan ciwonsu ya sake motsawa cikin kusan wata 11.

A nau'in da ya fi yawa, wata ƙwayar gado mai suna VHL ce ke lalacewa. Daga nan ƙarin sai ya riƙa yi kamar numfashinsa ya ɗauke, yana ta kiran jiki ya shimfiɗa masa sababbin jijiyoyin jini. Gano yadda wannan ke faruwa na cikin abin da ya ba William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza kyautar Nobel a 2019. Shi sunitinib wannan kiran yake toshewa, sai ƙari ya ji yunwa ya motse.

To amma ƙarin ba abu guda ba ne, kuma nan ne gizo ke saƙa. A 2012 masu bincike a Landan suka gutsuro sassa daban-daban na ƙari guda, suka tarar kusan kashi biyu cikin uku na sauye-sauyen ƙwayoyin gadon ba a kowane sashe suke ba. Magani ya danne ƙwayoyin ƙari masu rauni, masu taurin kai su samu fili su hayayyafa. Wanda ya tuna yadda zazzaɓin cizon sauro ya daina jin kulorokwin ya san irin wannan. Wasu ƙwayoyin kan buɗe wata ƙofar da ake kira MET ko AXL su ci gaba da janyo jini. Wasu kuma haɗiye maganin suke yi su ƙulle shi a 'yan jakunkunan da suke tara shara a cikinsu, bai kai inda aka aike shi ba.

Don Allah kada ku yanke ƙauna, kada kuma Baba ya ajiye magani ba da sanin likita ba. Akwai cabozantinib da ke toshe waɗancan ƙofofin, akwai nivolumab mai zaburar da garkuwar jiki. Suna da tsada, ba zan ɓoye miki ba. Ki haɗa hoton farko da na yanzu, ki tambayi likitansa wanne zai dace da Baba, kuma ta wace hanya za a same shi.