Kai Iyali Alƙahira: Daga Kaka Har Jikoki

Assalamu alaikum jama'a. Yau maganarmu a kan gidan da ya yi niyyar zuwa Masar ganin dalar Giza da masallacin Azhar, mutum goma ko goma sha biyu, akwai Hajiya Kaka mai ciwon gwiwa, akwai mai goyo, akwai samari masu zafin ƙafa. Irin wannan tafiya, ƙafar da ta fi rauni ita ke tsara yini.

Mu fara da takardu. Ko daga Marwa kuka fito, ko Garwa, ko Kusiri za ku haye gadar Ngeli ku hau jirgi a Njamena, kowa na bukatar fasfo nasa, har jariri, kuma ya zama da sauran wata 6 kafin ya ƙare. Biza a ofishin jakadancin Masar ake nema, a Njamena ko Yawunde. Sai katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda ba ya aiki sai allurar ta kwana 10. Yaron da bai kai wata 9 ba yawanci ba a yi masa, dattijon da ya haura shekara 60 kuwa a fara ganin likita. Ɗan ƙanwa ko jikan da iyayensa ba sa cikin tafiyar, a riƙe masa takardar izinin iyaye mai hatimin hukuma, don a nan ake yawan tsare iyali a filin jirgi.

Magani yana son natsuwa. Na hawan jini, na sukari, na gwiwa, a ƙirga na kwanakin tafiya a ƙara na mako guda, a bar su a kwalinsu tare da takardar likita, a jakar hannu. Insulin kada ya shiga kayan da ake lodawa a ƙasan jirgi, sanyi na iya lalata shi, kaya kuma kan yi ɓatan kai. Tramol kuwa, wanda wasu ke ba tsofaffi don ciwon jiki, a bar shi a gida. Masar na ɗaure mutum a kansa. Keken guragu a nema wa Kaka tun wajen yankar tikiti, aƙalla awa 48 kafin tashi, ko da tana iya takawa, saboda filin jirgin Alƙahira tafiya ce mai tsawo.

Sefa ba ta canjuwa a can. Ku canja zuwa yuro tun a gida, yuro ɗaya sefa 656 ne a farashin hukuma, sannan a raba kuɗin a hannun mutum biyu ko uku. A riƙe katin banki, don manyan wuraren tarihi da kati suke sayar da tikiti.

Lokaci mafi sauƙi Nuwamba zuwa Fabrairu ne, amma da dare sanyi kan sauka wajen digiri 10, sai a ɗauko bargo da safa. Masauki ku kama gida mai kicin, a tambaya hawa na nawa ne, na'urar hawa bene tana aiki ko ba ta yi. Garin kunu da tsamiya daga gida suna ceton tsoho ranar da ya ƙi koshari, abincin Masarawa na shinkafa da taliya. Ruwan gora kawai, da ƴan ƙullin ORS saboda gudawar yara.

Yanzu ga Giza. Babbar dalar Fir'auna Khufu ta kai shekara 4,500, tsayinta na asali mita 146. Ku iso da buɗe ƙofa, kafin rana ta ɗaga, don wurin ba inuwa, rairayi ne da duwatsu, keken guragu ba ya nisa. Shiga cikin dalar tikiti ne daban, kuma ga yadda cikin yake: rami ne ƙunci da ake hawa a sunkuye, a kan katako mai tudu, ga zafi ga ƙarancin iska, a ƙarshe ɗaki ne da akwatin dutse babu komai a ciki. Wannan na samari ne. Mai ciwon zuciya, mai asma, mai juna biyu da mai goyo su zauna waje da babba ɗaya, a yanka lokaci da wurin haɗuwa. Raƙumi ba baƙonmu ba ne, amma a gama ciniki kafin a hau, a faɗi kuɗin hawa da na sauka, na mutum ɗaya ko na duka. Da ƙafafun baya yake fara tashi, don haka a jingina baya a riƙe yaro da kyau. Daga nan a ga Abul Haul, ƙaton mutum-mutumin dutse mai jikin zaki da kan mutum, a koma masauki, yinin ya ishe.

Washegari sai Azhar, wanda aka aza harsashinsa a shekarar 970. Nan ne dattawa suka fi samun abin da suka zo nema: farfajiya mai farin dutse, wurin zama, wurin alwala. Ɗalibanmu na Chadi da Kamaru suna da yawa a unguwar, ku nemi ɗaya ya raka ku, ku sallame shi da kyau. Mai Larabcin Shuwa ma zai yi ciniki ba tafinta. Kasuwar Khan Khalili tsallaken titi take, lungunanta a matse, nan yara ke ɓacewa. Kowane yaro a ba shi babba guda da sunansa, a sa masa takarda a aljihu mai adireshin masauki da Larabci da lambar waya.

Tasi huɗu ba sa isa wuri ɗaya lokaci ɗaya a cunkoson Alƙahira. Ku ɗauki ƙaramar bas da direbanta na yini, a yi jinga da safe. Bayan kowane kwana biyu na yawo a bar rana guda ba fita, in ya so da la'asar a hau jirgin ruwa mai filafilai a kogin Nilu na awa ɗaya, Kaka na zaune, jikoki na gefenta, kowane yaro da rigar ceto.