Fim ɗin 'yan leƙen asiri mai ban dariya: yara za su iya kalla?

Jama'a, barkanmu da warhaka. Yaro ya ga tallan fim ɗin 'yan leƙen asiri, ga mota tana tashi sama, ga agogon hannu yana harba igiya, ga jarumi yana tuntuɓe ana ta dariya, nan take zai ce a saka masa. Iyaye da yawa sai su ce ai barkwanci ne, ba komai. To, bari mu duba.

Barkwancin ba ya rage harbi da kisan da ke cikin fim, lulluɓe su kawai yake yi. Za ka ga jarumi ya bindige mutum goma, ya gyara kwat ɗinsa, ya yar da wata maganar ban dariya, ya wuce abinsa. Babu mai kuka, babu mai jinya. Babba ya san shiri ne. Amma ɗan shekara biyar ko shida, abin da ke shiga kansa shi ne naushi ba ya zafi, kuma wanda ya fi iya duka shi ake tafa wa. Kafin ka ankara ya lallaɓo ta bayan ƙaninsa yana gwada shaƙe masa wuya. Wannan ya fi damuna a kan fashewar bama-bamai.

Kada kuma sunan nau'in fim ya ruɗe ku. Spy Kids na 2001 da Johnny English na 2003, a Amurka duk alamar PG aka ba su, wato yara na iya kallo idan iyaye sun lura. Shi kuwa Kingsman: The Secret Service, shi ma leƙen asiri ne da barkwanci, amma a Amurka R aka ba shi, wato ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya kallo sai tare da babba, a Birtaniya kuma sai wanda ya kai shekara 15, saboda kisan gilla da ashar.

Tsakiyar ce ta fi rikitarwa. Alamar PG-13, mai gargaɗin iyaye kan yara 'yan ƙasa da shekara 13, wadda aka fara amfani da ita a 1984, tana barin faɗa mai yawa muddin ba a nuna jini sosai ba, da ɗan zagi, da shaye-shaye, da raha mai harshen damo tsakanin jarumi da matan da yake zawarci. Irin waɗannan finafinai da dama nan suke faɗawa.

Saboda haka ku karanta ɗan bayanin da ke kusa da alamar, domin a nan ake faɗin dalilin ba da ita. Tallan fim ba ya nuna muku abin da ke ciki, zaɓo masu daɗin ake yi. Idan yaron bai kai shekara bakwai ba, ku tsaya kan G, wato fim ɗin da kowa zai iya kalla, ko PG. Wanda ya kai goma zuwa sha biyu, ku fara kalla ku kaɗai, sannan ku zauna tare da shi, rimot a hannunku, in an zo wurin da aka kashe mutum ana dariya ku tambaye shi me ya gani.