Mashigin Teku: Daga Bab el-Mandeb Zuwa Hormuz

Jama'a, ku dubi taswirar duniya. Doguwar tsagar nan da ke tsakanin Afirka da ƙasar Larabawa ita ce Bahar Maliya. Ku bi ta kudu, ku lura da yadda take ta tsukewa, har Yaman da Jibuti su kusa taɓa juna. To, nan ne mashigin Bab el-Mandeb. Faɗinsa kusan kilomita 30 ne, kuma tsibirin Perim ya raba shi gida biyu. Manyan jirage ta yammacin tsibirin suke bi, don can ruwan ya fi faɗi da zurfi.

Mashigi siririyar hanyar ruwa ce da Allah ya tsaga tsakanin ƙasa da ƙasa, tana haɗa teku da teku. Kar a haɗa shi da Suez, hanyar ruwan da ke Masar da ta haɗa Bahar Maliya da Bahar Rum, wadda mutane ne suka haƙa, aka buɗe ta a 1869. Sai dai Suez ɗin ce ta ɗaga darajar Bab el-Mandeb. A da, Bahar Maliya lungu ce da ba ta ɓullewa. Jirgi in ya shiga, ta inda ya shigo zai fita. Da aka fasa Suez, sai ta zama hanya mafi kusa tsakanin Asiya da Turai.

A watan Nuwamba na 2023 duniya ta ga abin da hakan ke nufi. Mayaƙan Houthi na Yaman suka dira daga helikwafta a kan wani jirgin dakon motoci mai suna Galaxy Leader, suka tafi da shi, suka ce saboda yaƙin Gaza ne. Daga nan sai makamai masu linzami da jirage marasa matuƙa. A watan Maris na 2024 jirgin Rubymar, ɗauke da takin zamani, ya nutse.

Ga abin da ya kamata a lura da shi. Houthi ba su toshe ruwan ba, ba ma su da rundunar ruwan da za ta iya. Tsoro kawai suka jefa. Kamfanonin inshora suka tsawwala kuɗi, matuƙa suka fara ɗari-ɗari, sai manyan kamfanoni irin su Maersk da Hapag-Lloyd suka juya akalar jiragensu, suka koma zagaye Afirka ta ƙasan Afirka ta Kudu. Zagayen kan ƙara kwana 10 ko fiye. Ƙarin mai ke nan, ƙarin albashi, ƙarin kuɗin kowace kwantena, kuma mai saye ne zai biya a ƙarshe. Masar kuwa ta ji a jikinta: kuɗin shigarta daga Suez ya faɗo daga sama da dala biliyan 10 a 2023 zuwa kusan biliyan 4 a 2024.

Shi ya sa ba abin mamaki ba ne 'yar ƙaramar Jibuti, mai mutane miliyan ɗaya da 'yan kai, ta tara sansanonin sojan Faransa, Amurka, Japan, Italiya da Sin. Kowa na son ya zauna kusa da bakin hanya.

Akwai irin wannan mashigi a wasu wurare. Malaka, tsakanin Malesiya da Indonesiya, ita ce hanyar man da ke zuwa Sin da Japan. Bosforus ya ratsa tsakiyar birnin Istanbul, kuma yarjejeniyar Montreux ta 1936 ta ba Turkiyya ikon hana jiragen yaƙi wucewa, ikon da ta yi amfani da shi a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Ukraine.

Amma uban su duka shi ne Hormuz, tsakanin Iran da Oman. A 2024 kusan ganga miliyan 20 ta mai ce ke ratsa shi kullum, wato kamar kashi ɗaya cikin biyar na abin da duniya ke sha. Faɗin layin da jirage ke bi bai kai kilomita 4 ba a shiga, haka ma a fita. Wani zai ce, mu da muke da namu man, ina ruwanmu? Ai farashin ɗanyen mai a kasuwar duniya ake yanka shi, kuma tun da aka cire tallafi a Najeriya a 2023, in ya motsa can, ba a jimawa sai an gani a gidan mai a Kano.

Ƙasashen yankin sun nemi mafita. Daular Larabawa ta ja bututu zuwa Fujaira, bayan mashigin. Saudiyya ta ja nata daga gabas har Yanbu a gaɓar Bahar Maliya, sai dai man da aka loda a can, in Asiya za shi, ta Bab el-Mandeb zai bi. Ita kuwa Katar ko wannan zaɓin ba ta da shi: duk jirgin da ya ɗauki iskar gas daga tasharta ta Ras Laffan, dole ta Hormuz zai fita.