Amsoshin Tambayoyinku: Wa ke da binciken da aka zuba a rumbun jami'a?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Daga nan Kaduna muke kawo muku amsoshin tambayoyinku. Wasiƙu uku muka ware a wannan mako, kuma duk sun taru a kan abu guda: rumbun nan da jami'o'i ke buɗewa a intanet suna zuba binciken malamai da ɗalibai don kowa ya karanta kyauta, da kuma inda dokar haƙƙin mallaka ta tsaya a kai.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce a Unguwar Rimi. Ta ce ta kammala digiri na biyu, an ce sai ta miƙa kundinta a saka a rumbun makaranta, ita kuwa gabanta na faɗuwa kada wani ya kwashe wahalarta ta shekara uku ya sa sunansa.

Malama, tsoronki yana da dalili, don duk mun san akwai masu sayar wa ɗalibai kundin da wasu suka rubuta. Amma ki kwantar da hankalinki. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare rubutu tun daga lokacin da aka rubuta shi, ba sai an yi rajista ba. Kariyar tana nan muddin marubuci na raye, har shekara 70 bayan rasuwarsa. Saka kundi a rumbu bai cire miki wannan ba. Izinin karantawa aka ba jama'a, ba a ba su izinin mallaka ba. A ganina ma kundin da ya fi fuskantar sata shi ne wanda ke kwance a kan kanta ƙura ta rufe shi, don in an kwafe shi babu mai ganewa. Wanda ke rumbu yana ɗauke da sunanki da ranar da aka saka shi, manhajar gano satar fasaha kuma tana iya cin karo da shi. Sai dai ki karanta takardar da za su ba ki kafin ki sa hannu, ki ga me makarantar ta ce nata ne. Idan kina shirin fitar da maƙala daga ciki, ko akwai sunaye da sirrin mutanen da kika yi hira da su, ki nemi a jinkirta buɗe shi ko a cire wannan ɓangaren.

Wasiƙa ta biyu ta zo da ɓacin rai. Wani malamin jami'a ne mazaunin Barnawa. Ya ce ya buga maƙala a wata babbar mujalla ta ƙasar waje, ya kai wa laburaren makarantarsu a saka a rumbu don ɗalibansa su samu, aka ce ba za a saka ba. Yana tambaya: ta yaya za a hana mutum raba abin da shi ya rubuta da hannunsa?

Allah ya gafarta Malam, ina roƙo ka koma ka duba takardar da mujallar ta turo maka ranar da ta karɓi maƙalar. Da yawa daga cikin manyan kamfanonin ɗab'i, irin su Elsevier da Wiley, suna sa marubuci ya miƙa musu haƙƙin mallaka ko ya ba su izinin da babu mai shi sai su. Mutum yana cikin murnar an karɓi aikinsa, ga maganar ƙarin girma a gaba, sai ya latsa amincewa bai karanta ba. To, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ma'aikacin laburare bai zalunce ka ba, kare makaranta ya yi, ya kuma kare ka.

Duk da haka ƙofa ba ta rufe ba. Maƙala tana da kama uku. Akwai wadda ka tura tun farko. Akwai wadda ka gyara bayan masana sun tantance har aka ce an karɓa. Sannan akwai ta ƙarshe, wadda kamfani ya tsara ya sa tambarinsa da lambobin shafi. Ta ƙarshen ce galibi ake hana sakawa. Ta tsakiyar kuwa, wadda ilimin cikinta ɗaya ne da na ƙarshen, mujallu da yawa sun yarda a saka ta a rumbun jami'a, wasu nan take, wasu bayan wata shida, shekara ɗaya, ko biyu. Akwai shafin da ya tattara ƙa'idar kowace mujalla, wanda aka sani da Sherpa Romeo, yanzu ake kiransa Open Policy Finder. Ka nemo wannan kwafin na tsakiya a kwamfutarka ka mayar wa laburare. Da ma matsalar da ake yawan samu ita ce malamai ba sa ajiye shi, da zarar na kamfani ya fito sai su goge nasu.

Bari in faɗi abin da ke raina, domin lamarin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Albashin malami daga baitulmali yake fitowa, tallafin bincike sau da yawa daga TETFund, wato asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, masu tantancewa kuma kyauta suke yi. Sai aiki ya fito, ɗalibi a Kawo ya buɗe wayarsa ya tarar ana neman dala talatin ko arba'in kafin ya karanta binciken da aka yi a kan ruwan Kogin Kaduna ko cutar da ke kama masara a Saminaka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan kuka ne ya haifar da sanarwar Budapest ta 2002 kan buɗe bincike ga kowa. A nan gida Jami'ar Jos ta buɗe rumbunta a 2009, Jami'ar Ahmadu Bello kuma tana da nata mai suna Kubanni, sunan rafin da ya ratsa harabarta a Samaru. Don haka Malam, nan gaba kafin ka tura aiki ka fara duba ƙa'idar mujallar. Ka nemi a rubuta cewa kana da damar saka kwafinka a rumbun makarantarka. In ka samu mujalla mai lasisin Creative Commons, wanda ke barin kowa ya karanta ya yaɗa muddin ya ambaci sunanka, to madalla. Wasunsu suna cajin marubuci dala dubu biyu ko uku, amma akwai na Afirka da dama a AJOL, dandalin intanet da ya tattara mujallun binciken Afirka, da ba su kai kusa da haka ba.

Ta uku gajeriya ce, daga wani almajirin ilimi a Tudun Wada. Yana tambaya ko halal ne a doka a ɗauki hoton tsofaffin rubuce-rubucen ajami da na Larabci, irin waɗanda ke Gidan Arewa, cibiyar adana tarihi da ke nan Kaduna, a saka a intanet. Ɗan'uwa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a 1817, Nana Asma'u a 1864, shekara 70 ta wuce tuntuni, saboda haka ainihin rubutunsu na kowa ne. Amma fassara ko sharhin da wani malami ya yi a zamaninmu nasa ne, sai da izininsa. Sannan takardar kanta tana da mai ita, ko cibiyar da ke ajiye da ita ko iyalan da suka gada, kuma su za ka fara yi wa sallama kafin ka ɗaga kyamara.

Lokaci ya cim mana. Akwai wasiƙar wata malamar makarantar makafi da ke tambaya kan mayar da littattafai zuwa rubutun makafi, wanda sabuwar dokar ta yi wa tanadi na musamman. Da ita za mu fara a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.