Tsinken auduga uku da aikin Farfesa Ehninger

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Yau daga birnin Dresden na Jamus nake magana, inda Farfesa Gerhard Ehninger, likitan kansar jini, ya kama aiki a asibitin jami'a a 1994. Kafin nan yana Tübingen, kuma a can ya yi jinyar wata mata, Mechtild Harf, wadda ke buƙatar dashen ɓargo. A lokacin masu rajistar ba da ɓargo a duk Jamus ba su wuce kusan 3,000 ba. Shi da mijinta Peter Harf suka kafa ƙungiyar DKMS, mai rajistar masu ba da ɓargo, a 1991. Matar ta rasu a shekarar, amma rajistar yau ta haura mutum miliyan 12 a duniya.

Ku ga ambulan ɗin da suke aiko wa mai son yin rajista, ya mayar musu don gwaji. Tsinken auduga uku ne. Kowanne za ka goga a cikin kuncinka na minti ɗaya, da ɗan ƙarfi, don fatar ciki ake so ba miyau ba. Ka bari su sha iska kafin ka rufe. Da damshi sukan lalace. Daga shekara 17 zuwa 55 ake rajista.

Ba rukunin jini ake dubawa ba, alamomin gado ne da ake kira HLA, ana so goma su dace da goma. In ba su dace ba, sabon ɓargon kan juyo ya yaƙi fata da hanta da hanjin majinyacin. Ko wanda kuke uwa ɗaya uba ɗaya, damar dacewa ɗaya ce cikin huɗu. To, nan abin ya shafe mu: gado ne, kuma baƙar fata ba su da yawa a rajistar. Bahaushen da ya kwanta a Jamus, cikin irinmu aka fi sa ran samo masa.

Mutane na tsoron wai laka ake taɓawa. Wallahi ba a kusantar ta. Tara cikin goma ta jijiyar hannu ake yi: allurar G-CSF ta kwana biyar, wadda ke sa ƙwayoyin ɓargo masu samar da jini su yawaita su fito cikin jini, mai ɗan sa ciwon ƙashi kamar mura, sannan awa uku zuwa biyar a jikin na'urar da ke tace ƙwayoyin ta mayar maka da jininka. Sauran kuma daga ƙashin ƙugu ake zuƙa, bayan an ba ka maganin sa barci.

Roƙona biyu ne. In ka sauya gida, ka sanar da su, don ana samun wanda ya dace a rasa inda yake. In kuma za ka fasa, ka fasa da wuri. Da zarar ka amince, ana ba majinyaci magani mai ƙarfi da ke kashe ɓargonsa gaba ɗaya, ba shi da sauran garkuwa, naka kawai yake jira.